Fartanyar Maiwada

Duk wanda ya zauna Funtua wajen shekarar 1964 ya san shagon Sikiru mai kayan keke da ke kusa da tashar jirgi. Ubansa ɗan Ogbomosho ne, ya biyo jirgin ƙasa da fataucin goro, garin ya karɓe shi, ya zauna. A nan aka haifi Sikiru, a nan ya yi karatun allo, Hausarsa kuwa in ba ka ga tsagar kumatunsa ba, ba za ka ce Bayarabe ke magana ba. Ya auri Silifat mai tuyar ƙosai a bakin tasha, suka haifi 'yarsu Bola. Shago na ciyar da gida, ba a yi arziki ba, ba a kuma kwana da yunwa.

Ƙira kuwa ruwan sama ne ya haɗa shi da ita. Wata ranar kasuwa da damina ruwa ya tsuge, ya faɗa rumfar wani tsohon maƙeri, Ummaru, don ya fake. Ummaru asalinsa Bagobiri ne, da ya ga Bayarabe sai wasa ya tashi.

"Kai, bawana, a rumfata ba a fakewa a banza. Zauna ka yi mini zuga."

"To, Baba, ai taimaka wa bawa lada ne," in ji Sikiru, ya naɗe riga ya kama zuga-zugi.

Yana zuga yana kallon wani guntun ƙarfe mai tsatsa ya yi ja, ya koma ruwan ɗorawa. Tsoho ya ɗauko shi da awartaki, ya ɗora kan uwar maƙera, ya yi ta bugu yana juyawa, sai ga lauje ya fito. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, Sikiru bai sani ba. Daga ranar, duk lokacin da ciniki ya lafa sai ya rufe shago ya nufi rumfar.

Mutane suka yi ta magana, wai ƙira gado ce, me ɗan mai goro ya sani game da wuta? Sikiru ya je ya faɗa wa Ummaru gaskiyarsa, cewa shi ba sana'a yake nema ba, ba zai taɓa kai ko allura kasuwa ba, abin ne kawai ya shiga ransa. Tsoho ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙa masa wata tsohuwar masaba, ya ce ya yi wa kanta ƙota da kansa.

A bayan gidansa Sikiru ya kafa rumfar kara. Wani guntun ƙarfen layin dogo da aka yar ya zama uwar maƙerarsa, baduku ya ɗinka masa zuga-zugi da fatar akuya, gawayin ƙirya kuma masu jakuna ke kawo masa. Ran Lahadi da yamma, da ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, unguwa sai ta ɗauki ƙarar bugu. Wuƙarsa ta farko ta karkace, ta biyu ta tsage da ya tsoma ta a ruwa. Silifat ta yi ta mita.

"Baban Bola, mutane na hutawa ran Lahadi, kai kuwa sai ka koma baƙi kamar gindin tukunya."

Mitar ta yi sauƙi ranar da ya ƙera mata dogon cokali mai huda-huda na tsamo ƙosai, wanda ya raba hannunta da fallatsin mai. A hankali hannunsa ya faɗa. Ya yi wa maƙwabta wuƙaƙe da ƙugiyar ciro guga daga rijiya, in aka tambayi kuɗi ya ce a yi wa iyayensa addu'a.

Cikin masu zuwa shagonsa akwai Maiwada, wani manomi mutumin garin Ƙarfi ta wajen Malumfashi, mai fara'a da yawan surutu. Duk kaka in ya kawo auduga sai ya biyo ya sayi taya ko sarƙa. Wata shekara ya zo ba keke, ba fara'a, hannun dama cikin riga. Da Sikiru ya matsa masa sai ya fito da shi. Ashe ya je taya surukinsa matsar rake a fadamar Danja, injin mazarƙwaila da doki ke juyawa ya kama hannun, babu abin da ya rage sai babban yatsa da tafi.

"Ciwo ya warke, Malam Sikiru," in ji shi. "Amma bana a gindin kuka na yi damina, ina kallon ƙannena suna nome mini gona. Hagu kaɗai ba ta riƙe fartanya. Ni da ake kira gayya tun daga wani gari."

Sikiru ya roƙe shi ya ba shi hannun ya duba. Ya shafa tsintsiyar hannun, ya ji ƙarfi na nan yadda yake, ya auna kaurinta da zare. Bai yi masa alkawarin komai ba, ya ce dai ya biyo in ya sake shigowa gari.

Ranin nan duk a kan wannan aiki ya ƙare. Dabararsa ita ce ya ƙera wani zobe mai faɗi da zai kama damtse ƙasa da gwiwar hannu, a liƙa shi a jikin ƙotar fartanya, da wata 'yar ƙugiya da tafin zai jingina a kai. Ta farko da Maiwada ya gwada, kafin ya yi sara goma zoben ya saɓule masa fata. Ta biyu ta yi nauyi, ta riƙa juyewa. Sikiru ya kwashe su ya kai wa Ummaru.

Tsoho ya juya fartanyar, ya ɗaga, ya girgiza kai. "Tunanin ya yi, bawana, ƙarfen ne ka cika. Samo sifirin mota, ka buge ruwan fartanyar ya yi siriri, ba zai lanƙwashe ba. Zoben kuma kada ka rufe shi, bar masa baki, a naɗe da fata a sa maɗauri. Hannun mutum na kumbura in yana aiki."

Ran Lahadi sai ga Ummaru da kansa a gidan Sikiru, karon farko. Ya zauna kan turmi yana zuga, yana tsiya, yana cin ƙosan Silifat, Sikiru na bugu har suka gama.

Da ruwan shuka ya sauka, dawa ta isa noman farko, Sikiru ya shiga motar Malumfashi da fartanya a cikin buhu, ya sauka ya ƙarasa Ƙarfi a ƙasa. Matar Maiwada, Ladidi, ita ta ɗaure masa maɗaurin a bakin gona. Ya sunkuya, hagu a gaba, dama a baya, ya kai sara. Fartanya ta shiga ƙasa ta fito da ciyawa. Ya sake, ya sake. Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen kunya, ya juyo ya kama ta biyu. Can a tsakiyarta aka ji ya fara waƙar noma. Ladidi ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sikiru ya zauna a inuwa yana kallo, daɗi ya cika shi. Da Maiwada ya dawo yana haki, gumi na zuba, sai ya ce, "Malam Sikiru, tana ɗan ja ni hagu."

"Kawo in gani."

Suka zauna a ƙasa, Ladidi ta kawo fura a ƙwarya. Sikiru ya ɗora ƙotar a gwiwa ya hango inda ta karkata, ya ce wannan gyaran wuƙa ne, ba sai an koma wuta ba. Yana fiƙe itacen, Maiwada na ta ba shi labarin irin dawar da ya shuka bana, da yadda yake so a yi masa magirbi kafin kaka.