Ƙwaryar Dusa a Bakin Zaure

Ɗazu na karyo tumfafiya a bayan gida, ruwanta ya ɗiga mini a yatsa. Warin nan mai ɗaci ya sa na nemi turmi na zauna, don gwiwoyina ba sa son tsayuwa yanzu. Kakata ya tuno mini.

A Likoro muka tashi, kuma duk garin ita kaɗai ke tatsar akuya. Wata Buzuwa da ta zo cin rani ce ta koya mata yin cuku. Ta daka tumfafiya ta tace cikin madara, ta ɗora a wuta kaɗan har ta kama, ta tsane a faifai, ta shanya a rufin ɗaki. Da farko dariya aka yi mata. Da aka ɗanɗana, dariyar ta ƙare.

Kaka ba ta da gona, ba ta da abin ciyar da awaki tara. Sai gidaje bakwai na unguwarmu suka ɗauki nauyin. Kullum da hantsi takan ajiye wata babbar ƙwarya a bakin zaure, duk matar da ta yi surfe ta aiko da dusa a juye. Bayan girbi maza su jefo mana harawa ta kan danga. In damina ta sauka awaki suka haihu, kowane gida ya sami cukunsa ranar Juma'a. Ba wanda ya taɓa aunawa.

Wata bazara ciwo ya shiga garken, zawo da majina. Cikin mako biyu takwas suka mutu, muka ja su zuwa bayan gari. Saura wata ja mai karyayyen ƙaho, ƙashi da fata, ko tsayuwa sai an tallafe ta. Kaka ta daina fitar da ƙwarya. Kunya ta hana ta ko leƙa waje, wai ta ci dusar mutane shekara guda ga shi ba abin da za ta mayar. Ƙarshe ta aika a kira mahauci ya yanka jar, a raba naman gida bakwai, a huta.

Mahauci na wasa wuƙa sai ga matar maƙeri ta shigo, dusa a gefen zaninta.

“Iya, ina ƙwaryar? Kwana uku ana dawo mini da dusa.”

“'Yar nan, ki ba kajinki. Bana ba cuku.”

“To, da muka ci na bara da na bara waccan, mu muka tatso? Haba Iya! A mayar da wuƙar nan.”

Ta shiga ɗaki da kanta ta ɗauko ƙwaryar, ta dire a bakin zaure. Shekara guda cur ana cika ta saboda akuya ɗaya da ba ta ba da ko ɗigo. Wallahi ni kaina na gaji da ɗaukar ta.

Da damina ta zagayo jar ta haifi biyu. Cukun farko bai kai tafin hannuna ba. Kaka ta yanka shi bakwai, ta ba ni in rarraba. Mu ko ɓarɓashi ba mu samu ba. Na yi kuka a hanya, na kuma lashe faifan, yau dai na faɗa.

Yanzu a Makarfi nake, da awaki uku. Kowa inji yake kai hatsinsa, dusar a can take tsayawa, sai ka je ka saya. Ban ga laifin kowa ba, duk fama ake. Na taɓa ajiye ƙwarya a ƙofa, da yamma na tarar kazar maƙwabta ta kwanta a ciki.

Duk da haka Juma'ar da ta wuce na yi cuku, ya kama da kyau. Na ɗauki wuƙa, hannuna ya yanka shi bakwai tun ban ankara ba. Na zauna da faifan a cinya har aka kira la'asar, ina tunanin gidan da zan aika.