Dakalin Mai Fenti

Ranar da maƙwabcina mai fenti ya tafi neman aiki a wani sabon gida, bangon ɗakin uwarsa ne ya raka shi a gadon baya. Ya saka farar rigarsa ta fita kunya, ya shiga gaida Inna, ya tsuguna ya jingina da bango. Da ya miƙe sai fenti ya ɓamɓaro ya manne masa, shuɗi, faɗin tire, ga baƙin funfuna ta gefe kamar ado. Ta gabana ya wuce. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ce bari dai in ga gudun ruwan abin.

Mai sabon gidan ya zagaya ta bayansa, ya ce, "Malam, samfurin aikinka ne ka ɗauko mini?"

Aikin da bai samu ba ke nan. Mu kuwa muka samu abin dariya na wata guda.

Mutumin nan maraya ne. Da wankau Inna ta raine shi, hannunta kullum cikin ruwa har farcenta ya cinye. Da ya iya riƙe burushi ya fara samu, sai ya yi rantsuwa ta gama da ruwa sai na sha da na alwala. Ya gina mata ɗaki ta bakin titi, ya shafe shi da shuɗi. Daga baya, da ya ga ya zama mutum, ya zuba wani ƙaton dakali na siminti a jikin bangon ta waje, don abokai su riƙa zama. Abokan nan, in za a faɗi gaskiya, yawancinsu ni ne.

Dakalin kuwa a kan hanyar ruwa ya zauna. In an yi ruwan sama, ruwa ya taru a bayansa ya rasa mafita, sai bango ya yi ta sha. Danshi ya riƙa hawa daga ƙasa har ya kai ƙugun mutum. Shi da yake gaya wa masu ba shi aiki, "Fenti riga ce, ba magani ba," duk shekara sai ya ƙara wa bangon Inna sabuwar riga. Ya san dalili sarai. Dakalin ne ba ya so ya taɓa, don a nan ake ce masa maigida.

Inna ba ta taɓa cewa uffan ba. Gadonta kawai take ja kaɗan-kaɗan, har ya dawo tsakiyar ɗaki. In ya tambaya ta ce, "Nan ya fi iska, ɗan nan." Sannan tari ya zo. Muna zaune a dakali muna shewa, tarin yana fitowa ta taga, sai in ga mai fenti ya ƙara ƙarfin rediyo yana kallon ƙasa.

Da ƙirjin ya fara ƙugi suka kai ta asibiti. Matarsa ce ta ba matata labari. Likita ya tambaya, "Ɗakin da take kwana akwai danshi?"

Gogan naka ya ce, "A'a."

Inna ta dube shi, ta dubi likita, ta ce, "Ɗana mai fenti ne, likita. Ɗakina ya fi na kowa kyau."

Wai da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Da suka dawo ya jawo akwatinta daga jikin bango ya buɗe. Zannuwan da take ta adanawa duk sun yi tabo, sun manne da juna, wari ya cika ɗaki. Ya zauna a ƙasa yana kallon zannuwan. Abinci ma ranar bai ci ba.

Washegari ƙarar guduma ce ta fito da ni. Na tarar da shi yana dukan dakali kamar ya kama ɓarawo. Ya fasa shi kaf, ya buɗe wa ruwa hanya har kwata. Ya kankare bangon ciki da waje har sai da bulo ya fito, ya bar taga da ƙofa a buɗe, ya baza katifa da zannuwa a rana. Inna ya mayar da ita ɗakinsa, shi ya koma falo. Ya ce bangon ba zai ga fenti ba sai ya bushe ƙayau, ko da kuwa duk unguwa za ta yi masa dariya. Gidan mai fenti ya zama mafi muni a layinmu. Tarin dai ya fara sauka, kwanan baya har na ji Inna tana yi wa jikokinta faɗa da cikakkiyar murya.

Jiya na same shi ya ɗora tafin hannu a bango yana jin ko da sauran sanyi. Tausayinsa ya ɗan kama ni, amma bakina ba ya shawara da ni.

Na ce, "Maigida, to yanzu da ka rushe fada, mu talakawanka ina za mu zauna?"

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Ruwa ma da ya fi ka naci na nuna masa hanya ya wuce. Saura kai."