Aikin da Aka Yi wa Yayata

Akwai abin da ya faru a Madina wanda ko na so in manta da shi ba zai mantu ba. Na tsufa yanzu, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, amma wannan yana nan daram, don bakina ne ya jawo shi.

A farkon shekarun 1980 ne. Ni da yayata muna da rumfa a gindin dutsen Uhudu, muna sayar wa maziyarta dabino da carbi da turare. Iyayenmu Kanawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna, a nan muka girma. Mijin Yaya ya rasu, tana zaune a unguwar Al-Sih tare da ɗanta da matarsa, wata yarinya 'yar Damagaram mai shiru-shiru, wadda zamanta a ƙasar ya rataya a kan aurenta, don iƙamarta, wato takardar izinin zama, a hannun mijin take. Ban taɓa kama ta da laifi ba. Shirunta ne kawai bai kwanta mini ba, don a lokacin gani nake duk wanda ba ya magana akwai abin da yake ɓoyewa.

Da alhazai suka watse kasuwa ta lafa, Yaya ta ce za ta Alƙahira a duba mata ido. Na ce zan raka ta, ta ce wa zai tsare rumfa? Ta tafi da ɗanta da surukarta. Da na ji sun dawo, na yi farfesun kaza na nufi gidan. Yarinyar ta tare ni a bakin ƙofa.

"Inna, sannu da zuwa. Hajiya barci take yi."

"Barci da hantsi?"

"Gajiyar tafiya ce."

Ta karɓi kwanon ta rufe ƙofa. Na sake komawa, aka ce tana wanka. Na kuma komawa, aka ce likita ya hana ta yawan magana. Na ce, "Yau ga ikon Allah, ciwon ido ne ya kama harshe?"

Rannan ban tsaya sallama ba, na ture ta na shige. Ɗakin duhu, an saki labule. Yaya tana jingine da matasai, ba a kwance ba, ba a zaune ba, an naɗe mata kai da haɓa da mayafi. Idanunta sun kumbura, kewayensu ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa shuni. Ga kofin kunu da ƙaramin cokali a gefe. Ta yi mini magana ta tsakanin haƙora, bakin ba ya buɗuwa sosai.

"Koma gida. Lafiyata ƙalau."

Yayata da ko ƙaya ce ta soke ta sai ta aiko a kira ni, ita ce yau take kora ta. Na fito. A tsakar gida kuma na hangi surukar tana ƙulle wani abu a tsumma. Ta yi saurin tura shi cikin zani, amma na riga na gani. Gashi ne mai furfura, gashin Yaya.

A bakin titi na tare ɗan, yana shirin shiga motarsa ta haya. Haifaffen nan ne, Hausarsa ba ta nuna sosai ba, in ka yi masa magana da Hausa, da Larabci yake amsawa. Na riƙe ƙofar motar na ce sai ya gaya mini da Hausa abin da ke damun uwarsa.

"Khala, don Allah ki bari. An yi mata aiki ne, khalas."

"Aiki? Wa ya yi?"

"Wallahi na yi rantsuwa ba zan faɗa ba. Matata ce ta san komai, ita ke riƙe da ita."

Ya ja mota ya tafi. Na san sarai cewa a Hausa in likita ya yanka mutum, aiki ake cewa. Amma in an yi wa mutum sihiri ma aiki ake cewa. Ma'ana biyu aka ajiye a gabana, na ɗauki wadda zuciyata ta daɗe tana nema. Na haɗa da gashin, na haɗa da rufe ƙofa, na ce shi ke nan, ta mallake uwar da ɗan.

Mace ɗaya na gaya wa a rumfa, na ce kada ta faɗa wa kowa. Kafin a yi Juma'a maganar ta kai har unguwar Al-Azizya. Mata suka daina amsa gaisuwar yarinyar. Wadda ta ce za ta kira ta girkin suna ta fasa. Kawunmu ya kira yaron ya ce ya sallame ta ta koma ƙasarsu tun kafin ta ƙarasa uwarsa. Yaron ya ƙi magana saboda rantsuwa, dattijon ya ɗauki shirun a matsayin shaida cewa shi ma an gama da shi. Ita kuwa yarinyar duk ta ji, ba ta kai wa Yaya ko kalma ɗaya ba, don likita ya ce kada a tayar mata da hankali.

Ran nan da la'asar na ɗebi mata biyu da goran zamzam da aka yi wa tofi, muka yi wa gidan tsinke. Na tsaya a falo na ce wa yarinyar ta fito da gashin da ta ƙulle.

"Na binne shi, Inna. Hajiya ce ta ce in binne."

"Ƙarya kike! Me kika yi wa 'yar'uwata?"

Ta durƙusa tana hawaye ta ce, "Ki faɗi duk abin da kika ga dama, Inna. Ni dai ba zan buɗe baki ba."

Sai muka ji motsin labule. Yaya ce ta fito tana dafa bango. Ta dube ni, ta dubi matan, ta sa hannu ta warware mayafin. An aske gashin gefen kanta, ga ɗinki ya taso daga can ya bi ta gaban kunne ya zagaya bayansa, hagu da dama. Kumatun sun kumbura suna sheƙi.

"Ga aikin," in ji ta. "Likita ya yi shi da wuƙa da allura, ni na kai kaina. Fatar fuskata ce ta saki, aka ja ta aka ɗinke. Wannan yarinyar ita ke wanke mini ciwon, ita ke ba ni kunu a baki, ita ke gyara mini matashi don kada in juya in kwanta a kan ɗinkin. Ni na sa su rantse, kuma ke ce na ce kada a gaya wa."

Na ce, "Yaya, me ya kai ki?"

"Ke kika kai ni. Kullum a rumfa, 'Alhaji, saya wajen kakata, ka samu albarkar tsofaffi.' Ki yi dariya, su yi dariya, ni ma in taya ku. In na dawo gida in tsaya gaban madubi. Ni da aka yaye saboda cikinki, ni ce kakarki?"

Goran zamzam ɗin yana hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Da Yaya ta ji har maganar saki an yi, ba ta jira ciwon ya warke ba. Akwai walima a unguwa, ta sa yarinyar ta riƙe mata hannu suka tafi. A tsakiyar mata ta cire mayafi ta nuna ɗinkin ta faɗi komai. Abin da ta fi tsoro a duniya ke nan, a ce tsohuwa a garin Manzo ta je a ja mata fata. Kuma an faɗa ɗin. Wasu suka ce ta canza halitta, wasu suka ce aure take nema. Ta haɗiye duka don a wanke surukarta. Kawu ya janye maganarsa, auren ya tsaya.

Sai da watanni suka wuce kafin kumburin ya saɓe. Gefen kunnenta ya daɗe ba ta jin taɓi, tabon kuma yana nan ƙarƙashin ɗankwali har ta koma ga Allah. Fuskar ta yi kyau, ban musa ba, amma ba ta ƙara taya ni wasa a rumfa ba.

Na je na durƙusa wa yarinyar na roƙi gafara, ta ce ta yafe. Sai dai na kasa bin gida-gida in kwaso abin da na zuba. Akwai matan da har suka mutu, in ta miƙa wa 'ya'yansu abinci sai sun janye su da dabara. Ita ma ta tsufa yanzu, tana da jikoki, kuma na sha ganin in aka yi taro takan bari wata ta zuba wa baƙi abinci.

Abin da na koya shi ne, zargi ba ya rasa shaida, duk abin da ka gani sai ya juya maka shi ya zama hujja. In magana ta zo maka da fuska biyu, ka tsaya ka tambayi wacce ake nufi kafin ka kai ta kunnen wani. Kuma wasan da kake yi wa ɗan'uwanka yana dariya, ka riƙa tunanin da me yake komawa gida.