Ƙwaƙwalwar Jar Motar Yayana

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, a ita ce yayana ya shiga rigimar ƙwaƙwalwar mota. Ni ina tsaron shagon mahaifinmu a Zango, muna sayar da yadi da turare. Shi kuwa hankalinsa yana kan wata jar mota mai ƙofa biyu da ya sayo ta hannu daga Kwatano. Ya cire mata turbon da ta zo da shi, wato abin da ke hura wa inji iska, ya sa babba, tun daga nan ta rasa lafiya. Da ya taka ta sai ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi.

Makanikenmu, wani dattijo mai garaji bayan kasuwa, ya ce: "Ƙwaƙwalwarta, wato akwatin da ke auna mata esansi da iska, bai san an canza mata huhu ba. Ko a sake masa lissafi da ordinatar, kwamfuta ke nan, ko a sa wani."

Kwana uku da wannan magana wani mutum ya shigo shago da irin akwatin nan a cikin leda. Ba mu taɓa ganinsa ba. Ya gaishe ni har da tambayar jikin mahaifiyarmu, abin da ya fara tsaya mini a rai ke nan. Wa ya gaya masa ba ta da lafiya? Wa ya gaya masa muna neman kayan?

"Sabo ne dal, Alhaji," ya ce wa yayana. "An riga an shirya shi don babban turbo. Sakawa kawai."

Na ce mu kai wa dattijo ya duba. Mutumin ya yi murmushi. "In an buɗe, ba na karɓa."

Yaya ya harare ni. Amma na ga bakin kusoshin akwatin ya sha sukudireba, ga takardar da aka manna a kai ta fi akwatin sabunta. Na ce, "Yaya, don Allah ka bar ni. In sabo ne, ni na saya."

Muka tafi garaji mu uku. A ƙofa akwai mata daga Dogo zaune da ƙorai, sun shigo gari neman aikin daka. Suka bi jar motar da ido, ni kuma na sunkuyar da kai. Dattijo ya kwance kusoshin a hankali, ya ɗaga murfin, ya sa ɗan yatsa ya shafo busasshiyar laka.

"Wannan ya kwana cikin ruwa," ya ce. "Ba ruwan ƙasar nan ba dai."

Mutumin bai yi musu ba. Ya mayar da kayansa cikin leda, ya tsayar da kabu-kabu ya tafi. Abin da ya dame ni shi ne, da zai fita ya ce wa dattijo, "Sai an jima, Baba," kamar wanda ya saba faɗa.

Saura hanya ɗaya. Dattijo ya kira wani ɗan'uwansa mai ordinatar, suka jona ta da tsohon akwatin, suka wuni a kai. Da muka gwada motar a hanyar Mirya tarin ya tafi, sai dai ba ta tashi yadda yaya yake so ba.

"Baba, kun rage mata ƙarfi," yaya ya ce wa dattijo da muka koma.

"Mun rage. Da wannan zafin, da esansin kwalba da kake zuba mata, in na sake ta duka ba za ta ga damina ba."

Yaya ya yarda a baki. A hanyar gida ya ce mini yana jin dattijon ne ya turo mutumin da akwatin banza, don mu firgita mu koma wajensa. Ni ma na yi wannan tunanin, ban dai faɗa ba.

Motar ta yi shekara biyu ba ta kwanta ba, har ya sayar da ita ga wani ma'aikacin duwan, wato kwastan. Amma tun ranar yaya bai ƙara kai ta garajin nan ba, ko don canjin mai. Ni na ci gaba da gaida dattijo in mun haɗu a masallaci, ban taɓa tambayarsa zancen mutumin nan ba.