Ranar da Na Ɗaure Surukina da Igiya

Har yau ban manta da Asabar ɗin da muka je yasar tsohuwar rijiyar unguwar gabas ba. Shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna ce, da bazara, saura kamar wata guda ruwa ya sauka. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka shigo ƙungiya daga baya.

Ƙungiyarmu daga ajin yaƙi da jahilci ta fito, a ƙauyenmu da ke kusa da Daudawa. Mu goma sha huɗu ne, duk magidanta. Kowace Alhamis bayan la'asar muna zama a gindin tsamiyar ƙofar malamin ajinmu, wanda shi ne shugaba. A dama fura, a fasa goro, a tambayi wanda bai zo ba ko lafiya, sannan a yanke aikin gayyar da za a yi ranar Asabar. Ƙarƙashin shugaba akwai sarkin aiki, shi ke faɗin yadda za a yi. Ni kuwa sarkin igiya ne. Duk wanda zai hau sama ko ya shiga ƙasa, ransa yana hannuna da na mutum shida da ke bayana.

Sarkin aikinmu tsohon mahaƙin rijiya ne, kuma uban matata. Ba zan rubuta sunansa ba, Baba zan ce. Shekara goma sha bakwai ina auren 'yarsa, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan yi masa magana, sai dai in gaya wa wani ya gaya masa, ko da kuwa tabarma ɗaya ce tsakaninmu.

Zurfin rijiyar nan gaba goma sha biyu ne. Damina biyu ba a ɗebi ruwanta ba, ganye da tarkace sun ruɓe a ciki, matan unguwar kuwa sai sun yi tafiya mai nisa kafin su sami tulu ɗaya. Ƙa'idar yasa ita ce, kafin mutum ya shiga, a zura fitila a kunne. In ta kai ƙasa tana ci, iskar ciki mai kyau ce. In ta mutu, ba mai shiga.

Ni na zura ta da hannuna. A gaba ta tara wutar ta yi ƙasa-ƙasa, ta mutu. Na jawo, na kunna, na sake zurawa. A daidai wurin nan ta sake mutuwa.

Baba ya karɓi fitilar ya jujjuya ta, ya ce, “Lagwanin ne ya lalace. Ni na haƙa rijiyar nan, na san numfashinta.” Ya fara tuɓe riga. Shugaba malamin allo da takarda ne, bai san rijiya ba, ya bar wa Baba hukunci. Sauran duk suka dube ni, don ni ne na ga wutar. Ni kuwa bakina ya yi nauyi. Yaya zan ce wa uban matata, a gaban jama'a, bai faɗi daidai ba?

Sai na ja Malam Mati gefe. Shi taubashin Baba ne, sa'arsa kuma, ba abin da ba ya iya gaya masa. Na ce, “Malam, lagwanin nan sabo ne, jiya na sa shi. Don Allah ka hana shi.”

A nan na yi kuskure. Maganar taubashi wasa ce, ko da gaskiya ya faɗa. Malam Mati ya ɗaga murya ya ce, “Kai tsoho, an ce in ka shiga ba ka fitowa. Ka bar mini wasiyyar jakarka tukuna.”

Baba ya ce, “Kai da ko kwatami ba ka taɓa shiga ba? Tsaya nan ka yi gadin takalmana.” Aka yi dariya, maganata ta bi dariyar.

Mai shiga rijiya kan zauna ne a kan guntun sanda da aka ɗaure a bakin igiya, ya riƙe da hannu biyu. In hankalinsa ya gushe, ba abin da zai tare shi. Da na ga Baba ya ɗora ƙafa, sai na ɗauki igiyar guga, na je na durƙusa a gabansa, kaina a ƙasa. Na zagaya ta ƙarƙashin hammatarsa, na ƙulle a baya. Na ji jikinsa ya sandare. Da wani ne da ya sha zagi, amma shi ma yana jin nauyina kamar yadda nake jin nasa. Ya kau da kai ya ce wa Malam Mati, “Ka ga an mai da ni akuya.”

Muka fara saki. Mutum shida a babbar igiya, ni kaɗai a ƙarama. Malam Mati na bakin rijiya yana kira a kowace gaba.

“Tsoho, kana nan?”

“Ina nan, mara aikin yi.”

A gaba ta takwas muryar ta yi nauyi. A ta tara ya fara cewa, “Kai Mati, in na fito...” bai ƙarasa ba. Mutanen babbar igiya suka yi baya taga-taga, don ta koma ba nauyi. Tawa kuwa ta fizge ni har gwiwata ta daki bakin rijiya.

Na ce, “Ku dawo nan.” Suka saki waccan suka kama tawa. Igiyar guga ba don ɗaukar mutum aka tufka ta ba, ina jin tana ƙara a kan itacen da muka gitta a bakin rijiyar. Na hana su fizga. Muka riƙa ja hannu-hannu, ina ƙirgawa, har kansa ya bayyana, a langaɓe, baki duk jini.

Muka shimfiɗe shi a inuwa. Aka yayyafa masa ruwa, ana fifita da faifai, shugaba yana addu'a. Malam Mati ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙafarsa, ba wasa ko ɗaya a bakinsa. Can sai Baba ya yi tari, ya yi amai, ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon mutane, sannan ya ce, “Mati, ina takalmana?” Malam Mati ya fashe da kuka.

Kwana uku muna zura ganyen ɗorawa ɗauri-ɗauri muna jawowa, don iskar ciki ta motsa. Sai da fitila ta kai ƙasa tana ci, sannan aka yi yasa a Asabar ta gaba. Ruwa ya kawo kafin azahar.

A zaman Alhamis na farko bayan hatsarin, Baba ya zo da bakinsa a kumbure. Ya dubi shugaba, ba ni ba, ya ce, “A gaya wa mai igiya lagwaninsa lafiya lau yake.” Ranar aka kafa ƙa'ida biyu. Fitila in ta mutu, magana ta ƙare, ko wa ya ce a shiga. Kuma ba a sa mutum riƙon igiyar wanda ba zai iya ce masa a'a ba. Abin da na koya ke nan: kunya tana da wurinta a zaure, amma mai riƙe da ran wani dole bakinsa ya buɗe.

Abin da muka rasa ranar da Baba ya shiga rijiyar: fartanya ɗaya da ta tafi ƙasa, hular Baba, haƙoransa biyu na gaba, da fatar tafin hannuna duka biyu. Mu goma sha huɗu muka je, mu goma sha huɗu muka koma gida.