Malam Almu, Mai Aron Fuskokin Ƙofar Durbi

Da hantsi za ka tarar da Malam Almu a ƙofar gidansa a Ƙofar Durbi, ya ɗora katako a cinya, fensir a bayan kunne, yana bin masu wucewa da ido kamar mai jiran baƙo. Ba baƙo yake jira ba, hanci yake nema. Shekara ashirin da biyu ke nan yana rubuta wa yara labarin Delu da akuyarta Kwaɗayi, waɗanda suka taɓa yin barci a motar albasa suka farka a Ikko, kuma bai taɓa ƙirƙirar fuska da ka ba. Duk wanda ke cikin littattafansa a titin nan ya aro shi. Ni kaina kunnuwana suna littafi na uku, a jikin wani matuƙin kwalekwale, har yau ban gama hucewa ba.

Mu malaman firamare mu ne shaidar aikinsa. Ɗalibin da ya shekara bai iya haɗa baƙi ba, sai ka gan shi ya duƙufa, don ya san yadda akuya ta cinye tikitin jirgi.

Aron fuskar ne ya ja masa. A zamanin soja wani mutum cikin kaftani, da gashin baki kamar ƙahon sa, ya tsaya sayen rake. Malam ya zana shi, ya naɗa shi shugaban ɓarayin awaki a littafi na bakwai. Ashe babban jami'i ne. Aka kwashe littafin tun daga wurin bugawa, aka tsare Malam kwana tara, aka ce ko kaza ya sake zanawa zai gani. Shekara shida bai buga komai ba, ga hannu ya soma rawa. Gaskiya mun fid da rai da Delu, abin ya yi mana ciwo.

Kai ne ba ka fid da rai ba, Malam. Mai ɗakinka Hajara ta ce kullum sai ka cika shafi, ta ɓoye a cikin kwalla.

Bana da mulki ya dawo hannun farar hula Malam ya fito da littafi na bakwai, amma ya goge gashin bakin, don tsoro bai gama sakinsa ba. Ba a rufa wata ba sai ga jami'in nan, ya yi ritaya, yana sallama. Lado mai rake, wanda aka yi komai a gabansa, ya ce Malam har ya fara laluben takalmi, ya zaci an zo kama shi ne. Bayan doguwar gaisuwa mutumin ya fito da littafin. Ya ce jikokinsa sun haddace shi, ya gaya masu shi ne ɓarawon, suka ƙaryata shi.

"Malam, na zalunce ka, ka yahe mani," in ji shi. "Kuma don Allah ka maida gashin bakin ga wurinshi."

Malam ya karɓi littafin. Sannan ya zaro fensir, ya zana gashin bakin. Lado ya rantse ya fi na da tsawo.

Malam Almu, alƙalamin da bai san gaba ba, mun gode. Allah ya ƙara wa hannun nan ƙarfi, ya nuna mana na takwas. Ku kuma matasa masu zane a bayan littafin lissafi, ku je Ƙofar Durbi ku zauna kusa da shi tun yana iya riƙe fensir.