Faifan da Inna Ta Ƙi Karɓa

Ina da shekara talatin da tara na fara riƙe biro. Ajin yaƙi da jahilci ne, a wata firamare a Fagge, bayan la'asar, kan bencin yara, gwiwa tana neman taɓa haɓa. Waɗanda suka yi mini dariya a lokacin, yau ni nake karanta musu takardar asibiti. Shekarar da soja suka koma bariki na gama, na ƙara da koyon kwamfuta, har na sami aiki a wani shagon buga takardu a Sabon Gari.

Mai shagon Ibo ne, amma a Kano aka yanke masa cibiya. Kowa Oga yake ce masa. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai a rubuce ba ya bambance ƙafa da kafa. Don haka ya ɗauke ni. Katin biki, kalanda, takardun makarantu, duk abin da yake na Hausa ni nake bugawa.

Kwamfuta ɗaya ce a shagon, kuma duk aikin mutane a cikinta yake. Oga yakan kwafe aikin a faifai, irin wanda ake gogewa a sake zubawa, sai ya jefa shi a durowar teburin da kwamfutar take kai. Ranar da na fara lura, ban yi shiru ba.

Na ce, "Oga, wannan faifan maganin me yake yi?"

Ya ce, "Idan kwamfuta ta mutu, aikinmu yana nan."

"In ɓarawo ya shigo fa? Zai ɗauki kwamfuta ya yi wa durowa sallama ya wuce?"

"Hajiya, bakinki ba ya faɗin alheri?"

"Bakina ba ya kiran masifa. Amma ko matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ba a tara sarƙa da 'yan kunne da warwaro a ɗaki ɗaya. Ana kai wani abu gidan uwa."

Mun yi kwanaki muna wannan ja-in-ja. Daga ƙarshe ya gaji da ni, ya sayo faifai biyu. Muka tsara: duk Alhamis in kwafe komai a ɗaya, in buɗe in tabbatar ya shiga, in kai shi nesa da shago, in dawo da na makon jiya a goge a sake zubawa. Ya ce a kai gidansa. Na ce gidansa layi biyu ne daga shago, wutar da za ta ci mu ba za ta gaji kafin ta kai can ba. Rijiyar Lemo za a kai, wurin Inna.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce. Rabin unguwa a wurinta suke ajiya: zinare, takardar gida, har likkafanin da wani tsoho ya saya wa kansa. Akwatin ƙarfe gare ta a ƙarƙashin gado, makullin a ɗaure a bakin zaninta. Ba ta rubuta komai, ba ta kuma taɓa haɗa kayan wani da na wani ba. Dokarta ɗaya ce: hannun da ya kawo, shi yake karɓa. Da na kai mata faifan farko ta juya shi, ta ga fuskarta a jiki, ta ce, "Madubi ne ya zama abin ajiya?" Na ce aikin mutane ne a ciki. Ta naɗe shi a tsumman atamfa ta sa a akwati. Kowace Alhamis in ba ta sabo, ta ba ni tsoho, in ci tuwo in tafi.

A cikin aikin da ke hannunmu akwai littafin Baba. Baba Bayarabe ne, haifaffen Fagge, ya yi aikin jirgin ƙasa tun yana saurayi har ya ajiye. Ya rubuta labarin rayuwarsa da Hausa a littattafan makaranta guda bakwai, ya ɗaure su da igiya ya kawo mana. Lokacin idonsa ya riga ya fara tafiya. Littafi na bakwai rubutun hawa yake yana sauka, wani layin ya hau kan wani. Shi da kansa ya ce, "'Yata, wannan shi ne na ƙarshe. Ko an ba ni biro yanzu, ban san inda takarda take ba." Babi na ƙarshe a kan matarsa ne, wadda ta rasu shekara biyu kafin nan.

Ranar wata Laraba da hantsi na buga kalmar ƙarshe. Kafin azahar aka aiko cewa 'yata ta haihu a Haɗeja. Na kwafe komai a faifai, na buɗe na duba, na miƙa wa Oga.

"Gobe Alhamis. Ka kai wa Inna wannan, ka karɓo na wurinta."

Na kwatanta masa gidan. Littattafan Baba bakwai na bar su a kan kanta, don in na dawo mu bi layi-layi mu gyara kurakurai. Na kama hanyar tasha.

Kwana takwas da tafiyata, washegarin suna, mijin 'yata ya miƙo mini wayarsa. Oga ne. Ya ce telan da ke maƙwabtaka da mu ya bar dutsen guga a jone da safiyar Lahadi, wuta ta tashi, shaguna huɗu sun tafi, har da namu. Wai ya bari ne sai an gama suna ya gaya mini. Na tambaya ko an rasa rai, ya ce a'a. Na ce to alhamdu lillahi, ai faifai yana wurin Inna. Sai ya ce in dai dawo tukuna. Ban ji daɗin amsar nan ba.

Da na dawo na same shi zaune a kan bulo a gaban shagon. Kwamfutar ta narke ta zama kamar ƙullin danƙo. Littattafan Baba kuwa, toka ce da mutum zai iya tarawa a faranti ɗaya.

Na ce, "Ka kai faifan?"

"Na kai."

"To?"

"Ta ƙi karɓa. Na yi sallama, na durƙusa, na ce Hajiya ce ta aiko ni. Ta ce wace Hajiya, Kano cike take da Hajiyoyi. Na nuna mata faifan, na ce ta karɓi wannan ta ba ni na ciki. Ta ce haka 'yan damfara suke yi, su ba ka gwangwani su karɓi zinare. Na ce to ta riƙe wannan kawai, ba sai ta ba ni komai ba. Ta ce ba ta karɓar ajiyar wanda ba ta san uwarsa ba. Ta ba ni kunu na sha, ta ce in gaida gida."

"Sai ka kai shi ina?"

Ya nuna inda durowa take da.

Na faɗa masa maganganu. Ba zan maimaita su a nan ba, don wasu ban kyauta ba. Na ce ko gidansa ne ai da ya kai, gidan da na raina. Ya ce ya yi niyya, ya ce bari sai gobe. Daga nan na wuce Rijiyar Lemo da sauran faɗan a bakina.

Inna tana tsince shinkafa. Ta bar ni na gama tas, sannan ta kwance makulli, ta jawo akwati, ta ɗora mini ƙullin atamfa a hannu.

"Abin da kika ba ni ke nan?"

"Shi ne."

"Ya ragu?"

"Bai ragu ba."

"To me ya kawo hayaniya? Kin taɓa kawo mini mutumin nan kin ce, Inna, ga wane, hannunsa hannuna ne? Ba ki taɓa ba. Bokon naku bai koya muku gabatar da mutum ba?"

Ni da ba a kayar da ni a magana, ranar an kayar da ni. Gaskiyarta ce. Na yi tunanin ɓarawo, na yi tunanin gobara, na auna nisan Sabon Gari da Rijiyar Lemo. Abin da ban yi tunani ba shi ne ranar da ba na nan. Duk tsarin a kan ƙafata ɗaya na ɗora shi, kuma na san halin Inna tun ina goye.

Muka kai faifan shagon wani abokin Oga a unguwar Bata. Ya buɗe. Aikin mutane duk yana nan, har zuwa Alhamis ɗin da ta gabaci tafiyata. Littafin Baba yana nan tun daga haihuwarsa har ranar da ya ajiye aiki. Babin matarsa ne babu. Muka kwafe komai a sabon faifai, na mayar wa Inna nata.

Ni na je na gaya masa. Oga ya ce zai raka ni, na ce ya bari, laifin da ya fi girma nawa ne. Na sami Baba a zaure kan kujerarsa ta katako. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa masa abin da ya tsira da abin da ya ƙone. Ya shafa sandarsa.

Ya ce, "Shekara guda na yi ina rubuta babin nan."

Na ce, "Na sani, Baba. Ni na buga shi. Akwai wuraren da na riƙe a ka. Kai ka faɗa, ni in rubuta."

Sati uku muka yi, kullum bayan la'asar. Yana faɗa, ina rubutawa. In ya tsaya sai in tuna masa: "A na farko ka ce ta zo tasha da kwanon abinci ranar da jirginku ya makara." Sai ya ce, "Ba kwano ba ne, langa ce mai hawa uku," ya ci gaba. Babin bai kai tsawon na farko ba. Akwai wani shafi a kan rashin lafiyarta da ya ce ba zai iya sake faɗa ba, ban kuma matsa masa ba. Duk ranar da muka tashi sai in kai shafukan Bata a ɗauki hotonsu, ɗaya a jakata, ɗaya a ƙarƙashin matashin Baba.

Alhamis ɗin da na buga babin a kwamfutar aro na kwafe a sabon faifan, ban tafi Rijiyar Lemo ni kaɗai ba. Na sa Oga ya sayi goro, na ce ya taho da matarsa. Na tsayar da su a gaban Inna na ce, "Inna, ga Oga, ga maiɗakinsa. Hannunsu hannuna ne, ina nan ko ba na nan."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ai na gane shi. Mai shan kunu. Uwarka tana raye?"

"Tana raye, Inna."

"Ka gaishe ta. Kawo madubin."

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta naɗe shi a atamfa, ta sa a akwati kusa da likkafanin tsohon nan, ta ɗauko wancan faifan ta ba shi.